Shagon Baba na Adum: fenti da gam a je a saya, kwalaye kuma sai an buɗe ido

In kana Kumasi kuma kana cikin mu ƴan tsirarun nan da har yau muke zama da daddare muna haɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi na roba, toh shago ɗaya na sani da ya rage wanda zaka shiga ka fito da gam na gaske da fenti na gaske. Yana Adum, cikin wani lungu bayan masu sayar da littattafai da kayan makaranta, in ka taso daga wajen tsohon sansanin nan da aka mayar gidan tarihin sojoji tafiyar ƙafa ce kaɗan. Kar ka tsaya neman allo don babu abin da aka rubuta a ƙofa da zai nuna maka ana sayar da irin kayan nan, abin da zaka fara gani wayoyin caji ne da murfin waya da wani yaro, jikan mai shagon, zaune a teburin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sai ka wuce su ka shige can ciki. Mai shagon dattijo ne ɗan Aboabo, kowa Baba yake ce masa, nima haka zan kira shi.

Hukuncina tun farko don kar in ja ku da nisa: fenti, gam, burushi da shawara, je ka da ƙarfinka. Kwalayen kuma, wato jiragen da motocin kansu, sai ka buɗe ido sosai kafin ka fidda kuɗi.

Ga wanda bai san harkar ba, don na san wasu zasu ce wannan kuma wane irin wasan yara ne. Kwali zaka saya, a ciki ba jirgi bane haɗaɗɗe, gutsattsarin roba ne manne a jikin firam kowanne da lambarsa, da takardar zane mai nuna wanne ke shiga wanne, da ƴar takardar sitika da ake jiƙawa a ruwa. Kai zaka yanko su ɗaya bayan ɗaya ka goge baki da sanfefa ka manna ka cike tsaga kayi fenti. Lambar da ke jikin kwalin, 1/72 ko 1/48 ko 1/35, ita ke gaya maka sau nawa aka rage girman abin na ainihi. Jirgin Spitfire faɗin fukafukansa mita 11 da ɗoriya ne, a 1/72 sai ya dawo wajen santimita 15 da rabi. Tankoki yawanci 1/35 ne, motoci da manyan lori 1/24, jiragen fasinja 1/144, na ruwa kuma 1/350 ko 1/700. Ƙaramin jirgi ɗaya, in kana da aikin yi da rana, zai iya cin maka makonni, kuma wallahi ba a jin tafiyar lokacin.

Cikin shagon matsattse ne, mutum uku in sun tsaya na huɗu sai ya jira a waje. Kwan lantarki ɗaya, fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama, warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, kuma tun daga ƙofa. Bangon hagu duk kayan ɗaliban zanen gini ne, kwali mai kauri, katakon balsa, gam UHU, reza, ƙananan bishiyoyi na roba. Bangon dama shine namu, kuma a da wai har ƙasa yake cike, yanzu kanta biyu ne na sama kawai ke da kwalaye, na ƙasa an zuba musu batir da fitilun caji. A tsakiya akwai kabad na gilashi da Baba ya jera abubuwan da ya haɗa da hannunsa, kuma ko ba zaka sayi komai ba ka tsaya ka kalli wannan kabad ɗin. Akwai jirgin fasinja VC10 a ciki da ya yi wa fentin Ghana Airways, irin jirgin da kamfanin ya yi aiki da shi tun shekarun 1960, babu wata sitika da ya samu ta saye, rubutun jikin jirgin da tauraron wutsiya duk da bakin burushi ya zana, harafi ɗaya bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kamfanin ya durƙushe tun wajen 2004 zuwa 2005, yaran da ke sayen caja a ƙofa basu ma san an taɓa yin sa ba.

Toh fenti, nan ne shagon ya ci kuɗinsa. Mafi yawa Humbrol ne, ƴan gwangwanayen nan na mililita 14, da kaɗan daga kwalaben Tamiya masu lambar XF. Abin da ya burge ni kuma har yau yake burge ni shine Baba baya miƙa maka gwangwani a rufe. Zai sa bakin sukundireba ya ɓalle murfin a gabanka, ya ɗauko tsinke ya juya har ƙasa inda launin ke kwanciya, ya ɗiga a kan wani farin kwali da ya ajiye don haka, in ya ga ya yi kauri ko ya fara daskarewa sai ya ture shi gefe ya ɗauko wani ba tare da ka ce komai ba. Lambobin duk a kansa suke, ka ce baƙi mara ƙyalli yace 33, fari 34, ruwan ƙasa na jiragen Ingila 29, kore mai duhu 30, ruwan azurfa 11, hannunsa ya riga ya kai kan gwangwanin kafin ka rufe baki. In launin da kake nema babu, zai gaya maka wanne da wanne zaka gauraya kuma kashi nawa, ya gwada a kan kwalin nan ku gani tare. Wannan ba kuɗi yake karɓa a kai ba.

Gam kuma yana da Tamiya mai ruwa-ruwa, kwalba mai kusurwa huɗu da koren murfi, da Revell Contacta mai bakin allura. Wanda bai taɓa amfani da irin su ba ya sani cewa ba manna abu suke yi ba irin na sufa gulu, narkar da fuskar robar suke yi kaɗan sai ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Shi na Tamiya ɗin haɗa ɓangarorin kake yi tukuna ka riƙe, sannan ka taɓa bakin tsagar da ɗan burushin da ke jikin murfi, ruwan ya bi tsagar da kansa har ƙarshe, ƴan daƙiƙu ya kama. Sufa gulun bakin titi in ya kusanci gilashin matuƙi hayaƙinsa zai mayar da shi fari fat kuma ba gyara, don haka Baba farin gam na katako yake bayarwa don gilashi. Haka tinar masu feshin mota ta Suame Magazine, unguwar makanikai, tana da arha tana da ƙarfi amma cin robar take yi, jirgin zai yi laushi ya yamutse a hannunka. Shi yana ɗura tinar da ta dace a ƙananan kwalaben magani ya sayar da rahusa.

Dalilin da yasa nake ta nanata fenti da gam shine su ne abin da intanet ba zata kawo maka cikin sauƙi ba. Kwali kam ko yau ka shiga AliExpress ko eBay zaka ga dubbai, ka biya, ka jira, ya iso. Amma gam ɗin nan da fentin mai da tina duk kaya ne masu kama wuta, dokokin ɗaukar kaya a jirgin sama sun takura su, yawancin masu sayarwa da zarar sun ga adireshin Ghana sai su ce basa aikowa. Baba ta ruwa yake kawo nasa, cikin durom ɗin da ƴan uwa na Landan da Hambog ke aikowa gida ta tashar ruwan Tema, a cusa ƴan gwangwanaye tsakanin takalma da man girki, wata biyu wata uku kafin ya iso Kumasi. Ranar da wannan shagon ya rufe, mai kwali ɗari a ɗaki ma zama zai yi yana kallonsu.

Abin da na saya na baya-bayan nan jirgin yaƙi Hurricane ne 1/72, irin na sahara mai matatar iska a ƙarƙashin hanci, kuma Baba ne ya zaɓa min shi da hujja. Yace ɗana ka san irin wannan jirgin a Takoradi aka riƙa haɗa shi? Kuma gaskiya ne, a yaƙin duniya na biyu daga Satumba 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a fiddo su gunduwa-gunduwa a ɗaura fukafukai a gwada inji, sannan su tashi ayari, jirgin bom Blenheim ɗaya a gaba mai nuna hanya, Hurricane na biye, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan ta El Fasher da Khartoum har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Wato dai aikin da muke yi a kan tebur da reza an yi shi a ƙasar nan da sifana, kuma jiragen sun sha mai a Kano. Ni irin wannan ne ke riƙe ni a harkar, da ma kakanninmu da yawa a zango sun sa kaki a rundunar Gold Coast, wato Ghana ta lokacin Turawa, wasu har Burma, kuma Hausa ce yaren bariki a lokacin, in ka shiga gidan tarihin da na ambata zaka ga hotunansu da bindigogi da motocin sulke, mai haɗa tanki ya je ya ga yadda tsatsa da ƙura ke zama a jikin ƙarfe na gaske, ya fi kallon hoto a waya.

Launukan ma ya haɗa min, 29 da 225 ruwan yashi a sama, 157 shuɗi a ƙasan jirgin. Ya kuma ce kar in yi fenti da rana tsaka a hunturu taga a buɗe, ƙura zata zauna a kai kafin ya sha iska, in na shafa in kifa masa robar abinci mai tsabta in bar shi kwana ɗaya cur. Da damina kuma matsalar akasin haka ce, laima ke hana shi bushewa, ka taɓa bayan awa goma yatsanka ya fito a fukafuki. Takardar cikin kwali ba zata gaya maka wannan ba don ba don Kumasi aka rubuta ta ba.

Yanzu ga inda zan taɓa Baba, kuma na faɗa masa a gabansa don haka ba gulma bace.

Kwalayen da yawa sun tsufa a kanta. Wasu tun kafin a canza kuɗi a 2007 suke nan, akwai wanda na gani da tsohon farashi na dubbai a rubuce da biro a gefe. Roba bata lalacewa da wuri, amma sitika tana mutuwa, zafi da laimar garin nan ba sa barinta. Na Hurricane ɗin nan da na buɗe a gida takardar ta koma ruwan ɗorawa, na gwada guda ɗaya a ruwan ɗumi sai ta tarwatse ta zama gari a yatsana. Na koma nace Baba wannan sitikar fa ta gama aiki. Yace a'a ɗana, sa ta a leda ka manna a gilashin taga ta sha rana sati biyu launin zai washe, sannan ka shafa mata banish siriri ka bari ya bushe kafin ka jiƙa, zata riƙe. Na yi, kuma ta riƙe ɗin, sai dai da ya faɗa min tun ranar da na biya ai da ya fi, kuma ko sidi ɗaya bai rage min ba. Wani abokina ya sayi tanki a nan ya tarar an taɓa buɗe ledar ciki, ƙafa ɗaya ta taya babu, saboda wasu kwalayen ba sababbi bane, cikin kayan gwanjo suke zuwa, wani Bature ya fara ya gaji ko ya mutu iyalansa suka tattara suka bayar. Baba ya tono masa makamanciyarta a wata tsohuwar gwangwanin Milo da yake tara ragowar gutsattsari, ta shiga da ɗan gyara, amma canji ko mayar da kuɗi babu wannan a shagon nan, an saya an saya kenan.

Sai farashi. Babu abin da aka liƙa wa kuɗi. Ka nuna kwali, Baba ya kira jikan nasa na teburin MoMo ya tambaye shi dala nawa take yau, ya yi shiru yana lissafi a ka, sannan ya faɗi. Gobe ka dawo lissafin ya canza. Ƙaramin jirgin da a Ingila bai kai fam 15 ba, nan sai ka biya kusan ninki biyu, kuma ciniki kaɗan yake ji, in ka matsa sai ya mayar da kwalin kanta ya kama wata hira. Hasken shagon ma bai isa ka duba launi ba, sai ka fito da kwalin gwajin bakin ƙofa. Lokacin buɗewa kuma ya danganta da jikinsa da jana'iza da suna, yaron ƙofa kuwa in Baba baya nan ko gwangwani ɗaya ba zai sayar maka ba, wai bai san kuɗinsu ba.

Amma abin da ya fi ci min rai shine yadda yake korar yara. Ƴan makaranta in an tashi sukan leƙo su manna fuska a gilashin kabad ɗin nan, ido waje, suna nuna tanki suna gardama, shi kuma sai tsawa, kai ku fita kar ku fasa min. Na gane tsoronsa, aikin wata guda yaro zai iya karya shi da yatsa ɗaya. Amma Baba su waye zasu sayi fentin nan nan da shekara goma? Mu da muke zuwa yanzu duk furfura ta fara, mafi ƙanƙantarmu ya haura talatin.

In ka tambaye shi me ya kashe kasuwa amsarsa ɗaya ce, waya. Yara sun koma game da TikTok, babu mai haƙurin zama. Akwai gaskiya a ciki amma ni ban yarda ita kenan ba. Mu da muka taso a Aboabo da Asawase da Sabon Zango ai babu wanda ya fara da kwalin Ingila, da gwangwanin madara muka fara, a fasa a miƙe a lanƙwasa, a yanko taya daga tsohon silifa, a sa waya doguwa ta zama sitiyari, har mai yin tirela da akwati mai buɗewa akwai. Yaron da ya yi wannan in ya ga kwali mai zane da lamba hannunsa ya riga ya san hanya. Yanzu motar roba ƴar Chana tana nan a kasuwar Kejetia da kuɗi kaɗan, haɗaɗɗiya da fitila da ƙara, toh me zai sa yaro ya yanke yatsa a gwangwani. Wannan matakin na farko ne ya ɓace, kuma tun kafin waya ta shiga hannun kowa ya fara ɓacewa.

Na biyu kuɗi. Can inda abin ya samo asali ma da kuɗin kashewar yara aka gina shi, kamfanin Airfix ta Ingila ta fitar da Spitfire ɗinta na farko a shekarun 1950, a leda ake sayarwa a kantunan Woolworths da ƴan sulalla don ɗan makaranta ya iya saye. Yau harkar ta koma ta manya masu albashi, kwalaye sun fi kyau nesa ba kusa ba amma sun fi tsada, kuma kwali kaɗai baya isa, sai gam, sai fenti kala huɗu biyar, sai burushi, sai tina. Wane uba ne a zango zai ba ɗan JHS, wato ƙaramar sakandare, wannan kuɗin ga kuɗin makaranta ga na islamiyya.

Shi kansa mai shago lissafin baya fita. Kaya ne da ke iya shekara biyu a kanta kafin mai so ya zo. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14, tsadar kaya ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Wanda ya sayo kwali da tsohuwar dala ya sayar da ɗan riba a kan tsohon farashi, kuɗin da ya karɓa ba zai sake sayo masa ko rabin kwalin ba, haka kanta ke zama fanko a hankali ba tare da an yi asarar da ido ke gani ba. Shi yasa ma bana zafafa masa sosai a kan tambayar dala kullum, wuya ce ta koya masa, duk da dai da sidi ya farfaɗo a 2025 ban ga farashinsa ya sauko da saurin da ya hau ba. Ga kuɗin fito a tashar ruwa, ga VAT, ga na inshorar lafiya, ga na GETFund, asusun ilimi. Ga haya, doka tun ta 1963 tace kar a karɓi fiye da na wata 6 a gaba, amma a Adum wa zai baka shago baka ajiye na shekara biyu ba. Murfin waya kuwa yau ka kawo gobe ya ƙare. In ni ne ma kantar ƙasa batir zan zuba.

Kuma ba mu kaɗai bane. A Ingila jerin shagunan Beatties masu sayar da irin kayan nan sun rufe a 2001, Modelzone ta bi su a 2013, Hattons da ke sayar da ƙananan jiragen ƙasa tun 1946 ta rufe a 2024. A Amurka kamfanin Hobbico, wadda Revell ke hannunta a lokacin, ta karye a 2018. Ita kanta Airfix sau biyu tana faɗuwa, 1981 da 2006 lokacin da Hornby ta saye ta. Amma ku lura, kamfanonin da ke ƙera kayan suna nan, Airfix na fitar da sababbi, Tamiya na nan a Shizuoka, ga Trumpeter da Meng na Chana, ga Academy ta Koriya, abin da ake fitarwa yau ya fi na da yawa da kyau. Shagon unguwa ne ke mutuwa. Bambancin shine Bature in shagon garinsu ya rufe motar kaya zata kawo masa fenti har ƙofa washegari, kuma yana da ƙungiya da baje koli inda zai ga aikin wasu, mu kuwa daga Baba sai durom.

Akwai hanyar da nake ganin zai iya jawo matasa amma ya ƙi ji. Gundam na Bandai, kwalayen robot ɗin nan na katun ɗin Japan da ake yi tun 1980, na yanzu basa buƙatar gam ko fenti, robar da launinta take zuwa, matsawa kake yi ta shige. Samarin Tech, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, da ke kallon anime sun san su sarai, wasu ma suna yin oda da kansu. Nace Baba kawo ko guda biyar ka ajiye a ƙofa kusa da caja, wanda ya haɗa ɗaya gobe zai so ya yi masa fenti, ka ga ya shigo ciki. Yace shi baya sayar da aljanu. Toh.

A kan wannan ma, tunda wasu sukan tambaya, yawancin kwalayen jirgi da tanki suna zuwa da ƴan mutum-mutumi, matuƙi ko sojoji. Ni bana haɗa su, kujerar nake bari babu kowa in yi mata bel da siririn salatif, Baba ma haka, kabad ɗinsa kaf babu mutum ko ɗaya. Wasu abokanmu suna sawa, kowa da malaminsa, ba a taɓa faɗa a kai ba.

Waɗanda ke riƙe da shagon a gaskiya ɗaliban zanen gini ne na KNUST, lokacin da zasu miƙa aikin ƙarshen zango zaka tarar da su cike suna sayen kwali da reza da UHU, a sati biyun nan Baba ke haɗa abin da mu ba zamu kawo masa a wata shida ba. Su ma ɗin sun fara raguwa, injin yanka da laser da firintar 3D sun shigo gari, ka aika zane ta WhatsApp a yanko maka. Ya sani, shi ya fara faɗa min.

Don haka in zaka je, je da safe tsakanin goma da azahar, ranar Juma'a kar ka wahalar da kanka bayan sha ɗaya sai bayan la'asar, Lahadi a rufe. Kuɗi a hannu ko MoMo duk yana karɓa. Kwali kuma kar ka biya sai an buɗe a gabanka, zai ɗan ɓata rai amma zai buɗe, ka duba ledar ciki ko a rufe take, ka ƙirga firam ɗin da takardar zane, ka ɗaga gilashin matuƙi a haske ka ga ko ya tsage, ka kalli sitika, in ta yi ɗorawa ka nemi ragi tun a nan. Sabon shiga ya fara da ƙaramin jirgi 1/72 mai farfela ɗaya, gam ɗaya, burushi biyu, fenti uku, kar ka bari kwalin babban jirgin ruwan nan na kantar sama ya ruɗe ka, gutsattsarinsa sun fi ƙarfin mai koyo. Abin feshi da kwamfuresa babu su a shagon, sai dai oda.

Odar kuma ga yadda take. Yana da littafin makaranta da yake rubuta sunan kamfani da lambar kwali ko lambar fenti, ka bada rabin kuɗi, sauran in kaya sun iso. Bai taɓa cin kuɗin kowa ba a iya sanina, amma ɗan uwan nasa mai aiko da durom baya ɗaure kaya sai jerin ya kai abin da zai biya wahala, na ƙarshe sai da muka jira kusan rabin shekara. Yanzu haka littafin a buɗe yake, na rubuta Blenheim 1/72 don ya tsaya gaban Hurricane ɗin, da 157 guda biyu da gam mai koren murfi, kuma shafin ko rabi bai kai ba, masu buƙatar fenti kafin hunturu ku je ku rubuta naku.